Ɗakin Fim: Yadda Ake Aron Fuskar Gini a Gina Cikinsa

Duk wanda ya kalli Home Alone, fim ɗin nan na 1990 na yaron da iyayensa suka yi tafiya suka manta da shi, zai iya rantsuwa cewa a gida guda aka ɗauke shi. Gidan kam yana nan, na jan bulo, a garin Winnetka kusa da Chicago a Amurka. Sai dai fuskarsa aka ara, da ɗan abin da ba a rasa ba daga ciki. Mafi yawan ɗakunan da yaron ya yi ta tsalle-tsalle a cikinsu da katako aka gina su, a zauren wasanni na wata makarantar sakandare da ba a amfani da ita a lokacin. Ɗakin ƙasan da ruwa ya malale kuwa, a ramin ninƙayar makarantar aka kafa shi. Yaro zai buɗe ƙofa a wani titi, ya rufe ta a wani wuri dabam, mai kallo bai ji an yi ɗinki ba.

Wannan ɗinkin shi ne sana'ar mai tsara wuri a fim. Aikinsa ya samar da inda labari zai zauna, ko ta hanyar gyara gini na gaske, ko gina na wucin gadi, ko kuma haɗa biyun, wanda shi aka fi yi. A Kannywood mun fi sakaci da wannan fanni. Furodusa zai kashe kuɗi a kan jarumi da sutura da waƙa, ranar ɗauka sai a ce wa wani yaro ya nemo lokeshin. Shi ya sa falo ɗaya zai fito gidan alhaji a wannan fim, ya fito gidan kwamishina a wancan, da kujerunsa da labulensa, ko agogon bango ba a sauke ba. Mai kallo ba wawa ba ne, yana gane falon kafin ya gane jarumin.

Ga yadda ake aikin, ga wanda yake so ya yi shi da gaske.

Ba da guduma ake farawa ba, da karatu ake farawa. Karanta labarin sau ɗaya don daɗi. Karo na biyu ka riƙe biro, ka fitar da kowane wuri, fitowa nawa za a yi a cikinsa, da rana ko da dare, mutum nawa za su shiga, da abin da hannunsu zai taɓa. In labari ya ce matar gida ta leƙa ta taga ta hango baƙo a ƙofar zaure, to an riga an yanke maka inda taga za ta kasance. Karo na uku shi ne mai wuya, domin a nan za ka yi wa mai ɗakin tambayoyin da marubuci bai rubuta ba. Shekararsa nawa a gidan? Gado ya ci ko haya yake? Arzikinsa hawa yake yi ko sauka? Attajirin da ya karye ba ya zama a ɗakin talaka. Yana zaune da manyan kujerun da yadinsu ya koɗe, da na'urar sanyaya ɗaki da ta shekara biyar ba ta motsa ba, da shatin talabijin a bango inda aka cire aka sayar. Wannan shatin kaɗai ya isar da abin da jarumi zai yi minti uku yana bayani. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. A fim, ɗaki shi ne fuskar.

Ɗakin mace Bahaushiya ma kalanda ne ga wanda ya iya karantawa. Jeren tasoshi da kwalla da fanteka har rufi, da gadon ƙarfe mai rumfa, zamani ɗaya ne. Kabad mai gilashi cike da tangaran da samiru wani zamanin ne. Amaryar yau kuma ta kwashe jeren ta kai kicin. Idan labarinka na 1975 ne ka sa kwanon roba mai murfi na kwanan nan, ka zubar da fim ɗin a idon duk wata dattijuwa da ke kallo. Haka zauren malami: buzu, alluna jingine da bango, gafaka a rataye, kurtun tawada, tokar wutar karatun dare a waje. Kada ka sayo sababbin alluna daga kasuwa. Je makarantar allo ka roƙi aron waɗanda wanki ya cinye, ka kai sababbin a madadinsu. Kuma a kiyaye, allon da ke ɗauke da ayoyi ba kayan ado ba ne da za a yar a ƙasa ana tsallakewa, a yi aiki da wankakku.

Masu fim ɗin All the President's Men na 1976 sun kai wannan kula maƙura. Ba su sami damar ɗauka a ɗakin labarai na jaridar Washington Post ba, sai suka auna shi suka gina irinsa a sutudiyo a Kalifoniya. Bayan tebura da kujeru, har takardun shara na ainihin ofishin aka cika akwatuna da su aka aika, don a zuba a kan tebura da kwanduna. Wani zai ce ɓata lokaci ne. Ni ina ganin sun san abin da suke yi: datti na gaskiya yana da fasalin da ƙwaƙwalwa ba ta iya ƙirƙira.

Daga karatu sai tattaki. Duk ginin da za ka kwaikwaya, je ka tsaya a cikinsa, gani ya kori ji. Ka tafi da tef na awo, da littafi, da waya mai ɗaukar hoto. Auna tsawo da faɗi da tashi, auna ƙofa da taga, sannan ka auna abin da kowa ke mantawa, wato kaurin bango. Bangon ƙasa ya fi kauri a gindi, yana sirancewa yana hawa, kuma ƙofarsa tana da zurfi, mutum kan ɗan yi taku a cikin bangon kafin ya faɗa ɗaki. Falanki mai kaurin yatsa da aka shafa wa jan fenti ba zai taɓa ba da wannan ba. Ɗauki hoto daga nesa, ɗauki daga kusa har tsagar bango ta fito, kuma ka tsayar da mutum a jikin ginin don ka san girmansa in ka koma gida.

Ginin Hausa yana da dalilansa, wanda bai san su ba zai kwaikwayi siffa ya bar ma'ana. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida, shi ya sa ɗakin talaka yake da ƙunci. Mai hali ne yake sa a yi masa bakan gizo ko ɗaurin guga, soro ya buɗe ya yi sama. Ke nan rufi kaɗai yana gaya maka matsayin mai gida. Ƙofar zaure ta waje da ta ciki ba sa kallon juna, don kada na titi ya hango tsakar gida. Daga zaure sai farfajiya, sai shigifa, sannan cikin gida, kuma kowane mataki yana da wanda aka yarda ya wuce shi. Wannan kyauta ce ga mai fim: inda aka tsayar da baƙo ya nuna matsayinsa a gidan. Zankwaye a saman katanga, indararo mai zubar da ruwan sama, dakali a ƙofar gida, maƙuba da aka shafe bango da ita, zanen dagi a goshin zaure, duk abubuwan dubawa ne. Makarantun wannan ilimi suna nan a tsaye: Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, hasumiyar Gobarau a Katsina, unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram, da tsohon garin Agadas. A Jos kuma akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya inda aka sake gina kwafin masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano. Wannan ma ai aikinmu ne aka yi, kyamara ce kawai babu.

Sai babbar shawara: a ɗauka a gini na gaske, ko a gina?

Gini na gaske yana zuwa da tsufansa kyauta, amma yana zuwa da halinsa. Kafin ka amince da shi, je a daidai lokacin da za a yi ɗauka, ka ga ta inda rana take shigowa. Ɗakin da ya yi kyau da hantsi yana iya zama kogo da la'asar. Bayan ido sai kunne. Yi shiru na minti biyar ka saurara: injin markaɗe, janareton maƙwabci, makarantar Islamiyya, 'yan adaidaita, mai tallan ruwa. Rufin kwano da damina makashin sauti ne, yayyafi kaɗan ya isa ya tashi aikin yini. Lissafa lokutan kiran salla ka tsara hutu a kansu. Sannan ka tuna ba jarumai biyu kaɗai za su shiga ɗakin ba, akwai kyamara da ƙafafunta, da fitilu, da mai riƙe da sandar sauti, da darakta. Ɗakin da ya ishi miji da mata kwana ba lallai ya ishi fim ba. Ka tambayi mai gidan aibin gidansa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma a yi yarjejeniya a rubuce: kwana nawa, ɗaki nawa, me za a taɓa, wa zai biya in an fasa. A gaida mai unguwa tun kafin motar kaya ta iso.

Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce. Wurin da za a yi fitowa ɗaya ko biyu, a are shi. Wurin da labari zai zauna, musamman a shiri mai dogon zango irin waɗanda suka cika tashoshinmu da YouTube yanzu, a gina shi. Kuɗin haya na wata da watanni, da ranar da mai gida zai ce yana da baƙi, da ranar da za ka dawo ka tarar an sake fenti, in ka tara su sun fi kuɗin katako. Masu shirin Downton Abbey na Ingila sun raba abin biyu: falukan masu gida a ainihin fadar Highclere, kicin da ɗakunan barori kuma a sutudiyon Ealing da ke Landan. Baran da ya ɗauko tire daga kicin yakan iso teburin cin abinci bayan makonni, a wani gari.

In an yanke za a gina, kada a sayi ƙusa ko ɗaya sai an zana. Zana taswirar ɗakin kamar kana kallonsa daga sama, da ma'auni, a ce santimita biyu a takarda ita ce mita ɗaya a ƙasa. Daga nan ka yanka kwali ka haɗa ɗan ƙaramin ɗakin, ka kira darakta da mai ɗaukar hoto, ku zura kyamarar waya ta ƙofarsa ku duba. A nan ake gardama, a nan ake matsar da taga, lokacin da matsar da ita almakashi kawai take ci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lee Ha-jun, wanda ya tsara gidan attajirin fim ɗin Parasite na Koriya ta Kudu, sai da ya yi ta nazarin tafiyar rana a filin kafin ya yanke inda babbar tagar falon za ta fuskanta. Mutane da yawa sun ɗauka gidan gaske ne na wani shahararren mai zanen gini, alhali don fim ɗin aka kafa shi.

Bangon fim falle-falle ake yinsa. Kafinta zai haɗa firam na katako mara nauyi, ya rufe fuska ɗaya da falanki mai ƙafa huɗu a faɗi, takwas a tsawo, yadda ake sayar da shi. Ana jera fallayen, a ɗaure su ta baya da noti maimakon ƙusa don a iya kwancewa, a tokare kowanne da sanda, a danne gindin tokarar da buhun yashi. A toshe mahaɗa da yadi da gam kafin fenti. Aƙalla bango ɗaya ya zama mai cirewa, yadda kyamara za ta ja baya ta tsaya inda a gidan gaske bulo ne. Rufi kuwa a bar shi a buɗe don fitilu, sai ɓangaren da zai fito a hoto. Ƙofa ita ce mai tona asiri: in jarumi ya buga ta cikin fushi bango ya yi rawa, an gama. Saboda haka firam ɗin ƙofa a yi shi da katako mai nauyi, a tokare shi dabam. Bayan kowace taga da ƙofa kuma a sa wani abu, ko zana, ko katanga, ko reshen darbejiya da igiyar shanya, don ido ya sami inda zai zarce.

Abin da kyamara ba za ta gani ba, kada a kashe masa ko sisi. Jirgin Titanic na fim ɗin 1997, wanda aka gina a gaɓar teku a Rosarito ta ƙasar Meziko, gefensa ɗaya kawai aka kammala. Da aka zo ɗaukar tashinsa daga tashar Southampton, inda tarihi ya nuna ɗaya gefen ne ke jikin gaɓa, ba a gina wani ba. An rubuta alluna da rubutun jikin kaya a juye, aka ɗauka, sannan aka juya hoton wajen tacewa. Idan masu wannan kuɗin sun yi tsimi, ban ga dalilin da zai sa mai ƙaramin jari ya gina ɗaki huɗu don fitowar da kusurwa ɗaya za ta isar ba.

A kan ginin ƙasa ina da ra'ayi mai ƙarfi. A Turai da Amurka suna sassaƙa soso su shafe shi da farar ƙasa don ya yi kama da laka, saboda magini ya fi soso tsada a can. Mu nan akasin haka ne. Jar ƙasa tana bayan gari, maginan da suka iya tubali suna raye, kuma katangar da suka ɗora za ta sha haske yadda fenti ba zai taɓa yi ba. In fim na tarihi ne, a kira su. A ba su lokaci, don tubali sai ya bushe, kuma a yi da rani. In dole sai falanki, a buga masa ragar waya ko buhun algarara, a yaɓa ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa da ɗan gam, a bar shatin yatsu a jiki. Kuma don Allah a ɗaga kai a duba sama kafin a ce a ɗauka. Na taɓa kallon wani fim na zamanin yaƙe-yaƙen sarakuna, ga dawaki ga lifidi, ga kuma wayar lantarki ta ratsa saman fada.

Launi yana da tarko. Farin bango fes abokin gabar baƙar fata ne a kyamara: bango zai yi ƙyalli, fuska ta nutse. A rage shi zuwa ruwan ƙasa, ko toka-toka, ko shuɗi mai duhu, kuma fentin ya zama mara sheƙi. A zauna da mai sutura tun da wuri, kada jaruma ta sa atamfa kalar labule ta ɓace a ciki. Yadi mai ƙananan ratsi yana rawa a hoto, a guje shi. Madubi da gilashi kuwa sai an karkata su kaɗan, in ba haka ba za ka ga mai ɗaukar hoto a ɗakin amarya. Masoya finafinan Indiya sun san Mughal-e-Azam na 1960. Zauren madubansa kwaikwayon Sheesh Mahal ne na ganuwar Lahore, an shafe kusan shekara biyu ana gina shi a sutudiyon Mohan da ke Bombay, da gilashin da aka sayo daga Beljiyam. Da aka kunna fitilu sai dubban madubai suka mayar da haske cikin kyamara, har aka fara fargabar aikin ya tashi a banza. Sai da aka shafa wa maduban kakin zuma siriri, aka riƙa jefa haske a kan yadi yana dawowa a tausashe, sannan aka iya ɗauka. Darasin mai arha ne: kunna fitila ka gwada kayanka tun suna samfuri.

Mataki na ƙarshe a gini shi ne tsufarwa, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Sabon ɗaki ƙarya yake yi. Dubi gidanku: akwai baƙin hannu a gefen ƙofa daidai kafaɗa, akwai maiƙon kai a bango inda maigida ke jingina, ƙasan katanga ya ci feshin ruwan sama, saman murhu ya yi kunkunniya, siminti ya lashe a bakin ƙofa. Ruwan shayi mai kauri yana tsufar da labule da takarda. Toka da gawayi da ƙura da ɗan baƙin mai suna yin sauran. A sa datti inda rayuwa take sa shi, ba a watsa ko'ina ba. Talaka ma yana shara, tsufa dabam, ƙazanta dabam.

Wajen haɗa waje na gaske da ciki na gini, ƙofa ce mahaɗa. Launinta, tsawonta, mariƙinta, da ɓangaren da take buɗewa, dole su zama ɗaya a wuraren biyu. In da hali a ciro ƙofar a tafi da ita. Adadin tagogi da inda suke su dace, hasken da ke shigowa ya yi daidai da lokacin da aka nuna a waje. Kuma kowace fitowa aka gama, a ɗauki hoton ɗakin ta kusurwa huɗu kafin kowa ya taɓa komai, don butar da ke hagun ƙofa yau kada ta koma dama in an dawo bayan sati uku.

Akwai ginin da ba za a bar ka ka shiga ba. Ken Adam bai ga cikin taskar zinaren Amurka ta Fort Knox ba lokacin fim ɗin Goldfinger na 1964, sai ya kwaikwayi wajenta daidai, ya ƙirƙiri cikinta daga kansa, da zinare jibge bene-bene a bayan ƙarafa. Ya sami wannan 'yanci ne don masu kallo ba su san wurin ba. Mustapha Akkad bai sami irinsa ba a fim ɗin Ar-Risala na 1976: an yi watanni ana gina kwatancin tsohuwar Makka a Maroko, daga baya aikin ya koma Libiya, kuma a wurare guda aka ɗauki fim ɗin sau biyu, da 'yan wasan Larabci da na Turanci. Gwargwadon yadda mutane suka san wuri kuma suke girmama shi, gwargwadon yadda hannunka yake ɗaure. Fadar ƙagaggen sarki, yi yadda ka so muddin ta yi kama da ginin ƙasar. Fadar Kano ko ta Katsina, ko ka yi daidai ko ka bari.

Abu biyu kada a yi wasa da su. Na farko wuta: jinka da zana da falanki da fitila mai zafi maƙwabtan sharri ne, a ajiye abin kashe gobara da bokitan yashi, a ɗaga wayoyi daga ƙasa, a bar hanyar fita a buɗe. Na biyu amana. Tsohon gini ba a buga masa ƙusa, ba a jingina masa ƙarfe, ba a yi masa fenti, ba a kai fitila kusa da azararsa. Gidan Sidi Driss da ke Matmata a Tunisiya, wanda aka haƙa cikin ƙasa irin na mutanen yankin, ya fito a Star Wars na 1977, kuma har yau masauki ne da baƙi ke zuwa gani saboda fim ɗin. Haka ya kamata fim ya bar gini, da ƙarin daraja.

Don haka ranar da aka tashi, kada ka bi motar jarumai. Tsaya ka cire tef ɗin da aka manna a ƙasa, ka mayar da gado inda hotonka na ranar farko ya nuna, ka biya kofin da aka fasa, ka kira mai gida ya zagaya da kai ɗaki-ɗaki kafin ka miƙa masa makullinsa.